Daga Kura Zuwa Ƙofar Mata: Hanyar Da Ta Yi Wa 'Yan Kallo Nisa

Tsakanin garin Kura da filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba in titi ya yi sauƙi. Kilomita 30 ne da 'yan kai a kan titin Zariya: ka haye gadar Tamburawa, ka wuce Na'ibawa da Unguwa Uku, sai ga ka a cikin gari. Mutumin Bunkure ma da ya ɓullo ta Karfi ya hau wannan titin. A shekarun da Kano Pillars ke tashe, wannan 'yar tafiya ba ta dami kowa ba. Ranar Lahadi da an idar da sallar azahar za ka ga samari da magidanta sun yi karo-karo sun cika bas, wasu a kan babura bibbiyu, riguna kore da rawaya, an nufi birni kallon Masu Gida. Yau in ka zauna a majalisun Kura ko Bunkure ko Garun Malam, ka tambayi wanda ya je Ƙofar Mata a 'yan makonnin nan, sai an daɗe ana duban juna. Akwai masu zuwa har yanzu, amma yawancinsu sai ranar babban wasa. Masu zuwa duk mako, waɗanda a da su ne gishirin filin, sun yi ƙaranci ƙwarai.

Kada wani ya ɗauka son ƙwallo ne ya ragu a yankin. Shiga kowane gidan kallo a Kura ranar Asabar da yamma ka gani da idonka. Rumfa ce ta kwano ko ta zana, benci a jere, talabijin biyu ko uku a rataye, janareta na ruri a bayan katanga ko kuma batirin sola a kusurwa. A bakin ƙofa akwai allo an rubuta wasannin ranar da alli, yaro na zaune yana karɓar kuɗi, mai shayi da mai rake sun kafa a gefe. Waɗanda ke shigowa yawancinsu daga gona suke, busasshen taɓo bai gama kankaruwa daga ƙafarsu ba, wani da rigar Arsenal, wani da ta Madrid. Sun san wanda ya ji rauni a Landan, sun san kuɗin da aka sayi ɗan wasa a Sifen, musu kuwa har a fito a ci gaba da shi a teburin mai shayi. A cikin wannan musun, da wuya ka ji an ambaci wanda Pillars za ta kara da shi gobe.

Kuma yankin ba na matsiyata ba ne. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ke gangarowa da kansa ta kanal-kanal zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, ba tare da injin turawa ba. An tsara wa kashin farko na wannan aikin ban ruwa hekta kusan 22,000, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Shinkafa da damina, alkama da tumatir da albasa da masara da rani. Kura ta zama cibiyar casar shinkafa, mata na turarawa a gida, injina na aiki dare da rana. Kwanar Gafan kuma in kakar tumatir ta kama, manyan motoci ke layi suna lodin kwanduna zuwa Kudu. Wuri ne da matashi mai ƙarfi a jika ke samun aikin yi kusan duk shekara, kuɗi na shiga hannunsa. Irin mutanen da kowace ƙungiyar ƙwallo a duniya ke nema ke nan, ga su a bakin ƙofar Kano.

Domin a gane abin da aka rasa, sai an tuna abin da Pillars take. An kafa ta a 1990 ta hanyar haɗe ƙananan ƙungiyoyi uku na Kano: WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Kano ta riga ta ɗanɗani kofi kafin nan, domin Raccah Rovers ta ci gasar ƙasa a 1978, amma Pillars ce ta zama ta kowa da kowa, ta birni da ƙauye. Ta ɗauki kofin gasar Najeriya a 2008, sannan ta jera uku a 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta yi abin da har yau ake ba yara labarinsa: ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, an tashi 1-1 a Kano, 2-2 a Alƙahira, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tsayar da ita. A kakar da ta biyo baya wani siririn yaro mai gudu kamar iska, Ahmed Musa, ya zura ƙwallo 18 a gasa, daga nan ya wuce Holan. Ga Gambo Muhammad, ga Rabi'u Ali da ake kira Pele, wanda ya tsufa a cikin rigar bai daina cin ƙwallo ba. A 2019 ta ƙara da kofin ƙalubale, bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti a Kaduna.

Abin da ya fi kofunan nan tasiri a zuciyar ɗan kallo shi ne gida. Shekara 12 cur, daga 2003 har zuwa 2015 da Nasarawa United ta zo ta ci 2-1, babu ƙungiyar da ta doke Pillars a Kano a wasan gasa. Mai tasowa daga Bunkure ya san inda za shi, ya san ranar, ya san lokacin, kuma kusan ya san da farin ciki zai koma. Kirarin "Sai Masu Gida" daga nan ya sami nauyinsa. Filin da kansa abin alfahari ne: an buga gasar matasa ta duniya a cikinsa a 1999, gasar kofin Afirka a 2000, da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. A lokacin da filayen wasu jihohi ke zama wayam, 'yan jaridar Legas kan kawo Kano a matsayin misalin inda har yanzu ake cika fili don kallon wasan gida.

Sai aka shiga shekarun da gidan ya daina zama gida. A watan Maris na 2020 annobar korona ta tsayar da gasa, aka mayar da filin Sani Abacha wurin killace masu cutar. Da aka dawo wasa, filin bai cika sharuɗɗan hukumar gasa ba, Pillars ta koma karɓar baƙi a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna. A cikin wannan zaman gudun hijira ne Ahmed Musa, yana kyaftin ɗin Super Eagles, ya dawo ƙungiyar a watan Afrilun 2021. Ka duba girman asarar: ɗan wasan da ya ci Ajantina ƙwallo biyu a gasar kofin duniya ya dawo gida ya sa rigar Pillars, amma yaron Kura da ya girma yana jin sunansa bai sami ganinsa a Ƙofar Mata ba.

Da aka samu aka dawo Kano a watan Afrilun 2022, murnar ba ta yi kwana ba. A wasa da Katsina United 'yan kallo suka ɓalle, aka farfasa motar baƙi, wasa ya watse. Hukumar gasa ta ci Pillars tarar naira miliyan 9, ta zabtare mata maki uku, ta tura sauran wasanninta na gida Abuja. A watan Yuli na wannan shekarar ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu. Ta dawo a 2023, jama'a suka fara komawa, Ahmed Musa da Shehu Abdullahi suka sake sa rigar a 2024, fili ya riƙa cika a manyan ranaku, har gwamnatin jiha ta naɗa Ahmed Musa babban manajan ƙungiyar a watan Yulin 2025. Sai ga 12 ga Oktoban 2025: Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo ana dab da tashi, aka tashi 1-1, wasu suka auka cikin fili suka far wa alƙalan wasa da 'yan wasan baƙi. Hukunci ya biyo baya: tarar naira miliyan 9.5, cire maki uku da ƙwallo uku, rufe filin, da mayar da wasannin gida Katsina.

In ka lissafa daga 2020 zuwa nan, za ka ga yaron da yake ɗan shekara 12 lokacin korona ya zama saurayi ba tare da ya saba da zuwa fili ba. Wannan ne, a ganina, babban abin da ya faru, ya fi faɗuwa rukuni na biyu illa. Zuwa kallon ƙwallo sabo ne da ake koya a hannun yaya ko kawu ko abokin unguwa. Wani ne ke riƙe hannunka ranar farko, ya nuna maka ƙofar shiga da ɓangaren da 'yan garinku ke zama. Shekarun da filin ke rufe ko ƙungiyar ke Kaduna da Abuja, babu wanda ya riƙe hannun kowa. Gidan kallo kuwa bai taɓa rufewa na tsawon kaka ba, kuma ba a taɓa cewa an mayar da shi wani gari ba.

Sannan ga lissafin aljihu. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Kuɗin mota daga Kura ya bi ta. Mai zuwa kallo zai biya mota zuwa Unguwa Uku, ya hau adaidaita sahu zuwa Ƙofar Mata, domin tun Janairun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni. Ya biya kuɗin shiga, ya sha ruwa, ya ci wani abu, ya sake biyan na komawa. Tikitin shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da zai kashe. Da abin da zai ɓatar a wannan yammacin guda, zai yi makonni yana shiga gidan kallo.

Akwai kuma kuɗin da ba ya fita daga aljihu amma ana jin zafinsa. Noman rani ba ya san Lahadi. In ranar ban ruwanka ce, dole ka tsaya a kan kwaminka har ruwa ya zaga. In tumatir ya nuna, ba ya jiran a tashi daga wasa. Ko a tsinke shi yau ko gobe ya lalace a gona. Ɗan ƙwadago da zai bar aiki tun azahar ya yi asarar rabin yini. Wasan gasar Najeriya yawanci ƙarfe 4 na yamma ake take shi, a tashi gab da magariba, kafin mutum ya fita daga cunkoson gari ya kama titin Zariya dare ya yi. Kuma wannan lokacin shi ne dai lokacin da manyan wasannin Ingila ke gudana ranar Lahadi. An sa matashi ya zaɓa tsakanin wasa biyu, ɗaya a bayan gidansu, ɗaya a birni da kuɗin mota da fargabar dawowa cikin dare.

A nan ne maganar tikitin kaka ke shigowa. A Turai, ƙungiya kan sayar wa magoyin baya kujerarsa ta shekara guda tun kafin a fara gasa, ta karɓi kuɗin a dunƙule ta yi sayayyar 'yan wasa, shi kuma ya sami rangwame da tabbacin wurin zama. Duk lokacin da aka tashi gyaran gasar Najeriya sai an ambaci wannan tsari, amma bai kama ƙasa ba a Kano. Abin da aka sani shi ne a zo ranar wasa a biya a bakin ƙofa. Wasu kan ce mutanenmu ne ba su iya biyan abu tun kafin su gan shi ba. Wannan magana ba ta da tushe, kuma manomin Kadawa ne shaidata. Yana biyan kuɗin ruwa na kaka ta hannun ƙungiyar masu amfani da ruwa, yana zuba kuɗinsa a iri da taki da haya tun watanni kafin ya ga ƙwaya ɗaya, saboda ya amince ruwa zai biyo kanal a ranakun da aka sa. Ranar da aka fara rufe ruwa ba sanarwa, ranar zai fara noƙe hannu. Gasar tana da ƙungiyoyi 20, wato wasan gida 19 a kaka. Wanda zai sayi tikitin wasa 19 yana bukatar ya san 19 ɗin a Ƙofar Mata za a yi su, a ranakun da aka rubuta. Wanda ya yi wannan sayayya a watan Agustan 2025 da ya ga wasannin da ya biya wa kuɗi sun koma Katsina tun kafin a gama girbe shinkafa.

Lokacin sayarwar ma bai dace da yankin ba. Yanzu ana buɗe kakar wasa ne a ƙarshen Agusta ko cikin Satumba, daidai lokacin da kuɗin manomi ke kwance a gona, ana neman na taki zagaye na ƙarshe, buhun bara ya ƙare. Hannunsa kan buɗe ne a Oktoba da Nuwamba in an yanke shinkafa, sai kuma daga Janairu zuwa Afrilu in tumatir da alkama sun yi kyau. Shi ma wannan ba tabbas: waɗanda suka ga 2016, shekarar da tsutsar da ake kira sharon ta cinye gonakin tumatir har sabon kamfanin Dangote na Kadawa ya tsaya don rashin kaya, sun san yadda kaka guda ke shafe jarin mutum. Duk mai son sayar wa waɗannan mutane tikiti dole ya san kalandarsu.

Me ya sa ba a damu a sani ba? Amsar tana cikin mallakar ƙungiyar. Pillars ta gwamnatin jihar Kano ce, kamar yadda mafi yawan ƙungiyoyin gasar ke hannun gwamnatocin jihohi. Albashi da kuɗin tafiya da na sayen 'yan wasa daga baitulmali suke fitowa. Ko fili ya cika ko bai cika ba, abin da shugabannin ƙungiya ke jira shi ne sa hannun gwamna, ba kuɗin ƙofa ba. Shi ya sa ba a ɗauki ƙidayar 'yan kallo da muhimmanci ba, shi ya sa shiga ta alfarma ta zama ruwan dare, wannan yaron wane ne, wancan ɗan ƙungiyar magoya baya ne, a wasu lokutan ma a buɗe ƙofa kyauta don a tara jama'a. Mutumin da ya taso daga Bunkure ya bi layi ya biya, ya ga wasu na wucewa ta gefe ba su ba da ko sisi ba, ba zai ji an mutunta shi ba. Ban ce gwamnati ta janye hannunta yau ba. In ta yi haka ƙungiyar durƙushewa za ta yi. Amma a Tanzaniya, Simba da Yanga sun ginu ne a kan mambobi masu kati da rassa a garuruwa, suna cika filin Benjamin Mkapa mai ɗaukar mutum 60,000, har Simba na ware rana guda a shekara don gabatar da sababbin 'yan wasa kuma jama'a su biya su shiga. Mutanen Darussalam ba su fi na Kano son ƙwallo ba. An nemi sunansu ne an rubuta, an nuna musu kuɗinsu na da aiki.

Maganar rikici kuwa dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. An sha cewa alƙalan wasa na zaluntar Pillars, kuma duk mai bin gasar nan ya san alƙalanci na da matsala a ko'ina. Amma jifa da dukan alƙali da fasa motar baƙi ba su taɓa dawo da ƙwallon da aka ci ba, sai dai su jawo rufe fili. 'Yan tsiraru ne ke yi, dubbai ke biya. Kuma tun kafin hukuma ta rufe ƙofa, su sun riga sun kori wasu: magidancin da ke son zuwa da ɗansa, malamin makaranta, ɗan kasuwar da ba ya son a ƙwace masa waya a hanyar fita, uwar da ke hana ɗanta tafiya birni ranar wasa don ta ji labarin hayaƙi mai sa hawaye. Ɗan birni in an watse ya san lungun da zai bi ya isa gida. Baƙon da ya zo daga Kura bai sani ba, kuma motar garinsu tana can Unguwa Uku. Shi ne farkon wanda ke daina zuwa. Ina ganin hukuncin rufe fili gaba ɗaya ya fi faɗawa a kan marasa laifi. Da za a riƙa kama waɗanda kyamara ta nuna fuskarsu a gurfanar da su, a hana su shiga na shekaru, da ya fi tsoratar da masu yi. Sai dai hakan aikin ƙungiya ne da 'yan sanda da shugabannin magoya baya, waɗanda suka san mutanen nan da sunayensu da unguwanninsu.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne kayan gyaran duk suna nan. Manoman Kura da Bunkure da Garun Malam a tsare suke cikin ƙungiyoyi, na masu ruwa, na masu casa, na dillalan tumatir, na direbobi, kowace da shugabanni da rajista. Ƙungiyar da ta aiko wakili Kwanar Gafan a watan Fabrairu, ko kasuwar shinkafa ta Kura a Nuwamba, da tikitin wasa biyar haɗe da kujerar bas zuwa da dawowa, da alƙawarin mayar da kuɗi in an ɗauke wasa daga Kano, za ta sami masu saye. Masu gidajen kallo ma ba abokan gaba ba ne. Su suka fi kowa sanin masu son ƙwallo a kowane gari, kuma in an ba su kamasho su ne za su fi iya sayar da tikitin. Da Barau FC ta hau babbar gasa a 2025, Kano ta sami ƙungiya biyu, kuma duk wadda ta fara fita daga cikin ganuwa ta nemi mutanen karkara ita za ta same su.

Akwai kuma filayen makarantu. A Kura da Bunkure da ƙauyukan da ke tsakaninsu, duk yamma in rana ta yi sanyi ana buga ƙwallo, kuma in aka sa kofin gari ko na ƙaramar hukuma, mutane kan zagaye fili sahu-sahu, wasu a kan katanga, wasu a kan bishiya, masu kiɗa na kiɗa. Kafin a buɗe kaka, Pillars kan yi wasannin share fage. Babu abin da zai hana a kawo ɗaya Kura, a kara da zaɓaɓɓun yaran yankin, Ahmed Musa da Rabi'u Ali su gaisa da jama'a, masu horarwa su duba ko akwai yaron da ya cancanci gwaji a ƙaramar ƙungiyar. Kuɗin man bas ɗin ƙungiya ne zuwa da dawowa, kilomita 60 da ɗoriya, kuma a ranar za a iya buɗe rajistar magoya baya a rubuta sunan duk wanda ya zo da lambar wayarsa da garinsu.